Wasa kawai ake yi da ɗana, ko magani ne?

Assalamu alaikum Anti. Ɗana yana da shekara 4, likitoci sun ce wahalar haihuwa ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Yana tafiya, amma cokali ba ya zama a hannunsa, maɓallin riga kuwa sai ya yi ta fama har ya fashe da kuka. An tura mu wurin wata ƙwararriya mai koya wa irin waɗannan yara ayyukan yau da kullum. Wata 3 ke nan muna zuwa, ba na ganin komai sai murza laka da zura duwatsun ado a zare. Maigida ya ce mu daina, wai wasa ne. A gida ni nake ba shi abinci a baki, ni nake sa masa kaya, don zuciyata ba ta iya jure kukansa. Ina mafita?

Uwa mai damuwa

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ƙara miki haƙuri.

Kada ku daina. Mai gashin ƙashi ya fi kula da tsayuwa da tafiya, ita kuwa wannan aikinta shi ne yaro ya iya ci, ya sa kaya, ya riƙe fensir da kansa. Babban yatsa da manuniyar da ke ɗaukar dutsen adon nan su ne za su kama maɓalli gobe, lakar kuma tana ƙarfafa ƙananan tsokokin tafin hannu. Ƙaramin yaro ya fi koyo da wasa fiye da umarni. Ki roƙi maigidan ya raka ku sau ɗaya, ya tambaye ta da bakinsa abin da take son yaron ya iya nan da wata 3.

Amma inda na fi damuwa shi ne gida. Na san tausayi ne, wallahi na sani. Sai dai duk cokalin da kika kai masa baki, kin ɗauke masa darasi ɗaya. Ki naɗe mariƙin cokalinsa da tsumma ya yi kauri, ki zaunar da shi yadda ƙafafunsa za su taka ƙasa sosai, ki bari ya zubar. Wajen riga, ki zura maɓallin rabi, shi ya jawo ya ƙarasa. Idan ya ƙware, ki bar masa matakin da ke gabanin wannan. Minti 10 kullum ya isa, kuma da kin ga ya fara gajiya, ki karɓa kafin kukan ya zo.