Ma'anar ceremoniously da inda ake sa ta

Malam ka tambayi ma'anar ceremoniously da yadda ake amfani da ita, to bari in faɗi abin da na sani, don na daɗe ina koyar da Turanci kuma kalmar nan tana yawan rikita ɗalibaina.

Daga ceremony ta fito, wato biki ko taron girmamawa, ita kuma ceremony asalinta Latin ne, caerimonia. Amma fa ba dole sai ana biki za ka ce ceremoniously ba, yanayin yadda mutum ya yi abu take nunawa, cikin tsari da natsuwa da bai wa abin girma. Idan aka ce he ceremoniously handed her the keys, ana nufin ya miƙa mata makullan a hankali da hannu biyu, ƙila har da ɗan rusunawa, ko da kuwa su biyu ne kawai a ɗakin babu wani taro. Wani lokacin ma marubuci na sa ta ne don ya nuna an cika ƙaƙale a kan ƙaramin abu.

Inda ake ruɗewa shi ne ceremonially. Ita wannan sai da bikin gaske, abin da aka yi bisa ƙa'idar biki, kamar naɗin Sarki Charles na uku na Birtaniya a cocin Westminster Abbey da ke Landan ranar 6 ga Mayu 2023, nan sai ka ce he was ceremonially crowned. Wata ɗalibata ta taɓa rubuta the bridge was ceremoniously opened, na tambaye ta me take nufi, ta ce ai an yanka ribon an yi jawabai, na ce to ceremonially ta fi dacewa, tunda bikin take ba mu labari ba yanayin mai yankan ba. Tun daga ranar ba ta sake haɗa su ba.

Wadda za ka fi cin karo da ita a jarida kuwa unceremoniously ce, kishiyarta. The coach was unceremoniously sacked, wato an sallami kocin ba girma ba arziki, ko sannu ba a ce masa ba. Wannan kam ka riƙe ta sosai.

A hira ta yau da gobe ba kasafai ake cewa ceremoniously ba, formally aka fi ji. In za ka furta ta kuma, ka ɗora nauyin muryar a kan "mo" ɗin tsakiya.