Tambaya da Amsa: Kibod da Gajerun Hanyoyinsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina buga wa mutane takardu a wani shago a unguwar Zango, nan Zinder. An koya mini cewa Ctrl da Z na mayar da kuskure baya, amma ranar nan da na danna su sai takardar ta rufe gaba ɗaya. Kuma wani lokaci in na buga harafin a sai q ya fito. Kwamfutar ce ta lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kwamfutarki lafiyarta ƙalau, kuma matsalolin nan biyu uwarsu ɗaya. Yawancin kibod ɗin da ke hannunmu a Nijar na tsarin Faransa ne, wanda layin haruffansa na sama ya fara da AZERTY. Na Ingilishi, irin wanda ke shigowa ta Kano, ya fara da QWERTY. Ita kuwa Windows ba ruwanta da abin da aka zana a kan maɓalli, tsarin da aka saita mata shi take bi. Idan ta juya zuwa Ingilishi, maɓallin da kike gani A ya zama Q, Z ya zama W, M kuma ya koma alamar waƙafi mai ruwa (;). Ke Ctrl da Z kika danna, ita Ctrl da W ta ji, wanda aikinsa rufe takarda ne.

Abin da ke juya ta shi ne Alt da Maj (wato Shift) idan suka haɗu a hannun hagu, kuma hakan na faruwa ba da niyya ba ga mai saurin bugu. Ki dubi ƙasan allo kusa da agogo: za ki ga FRA ko ENG. Riƙe maɓallin Windows ki taɓa dogon maɓallin tazara har FRA ta dawo. In ba kya bukatar tsarin Ingilishi sam, ki cire shi daga saitin harshe ki huta.

Ita takardar da ta rufe, Word kan tambaya ko a adana kafin ta rufe. In gaggawa ta sa an ce a'a, shiga Fichier, sai Informations, sai Gérer le document, wataƙila a dace, domin Word kan ajiye kwafin ko-ta-kwana duk minti 10. Amma kada ki dogara da wannan. Da yadda wuta ke ɗaukewa lokacin zafi, Ctrl da S bayan kowane sakin layi ya fi komai, musamman ga kwamfutar tebur marar batir.

Wani abu kuma da ke rikita masu koyo daga littattafan Ingilishi: a Word ta Faransanci kaurara rubutu Ctrl da G ne, ba Ctrl da B ba. Kwafa, yankewa da mannawa dai, wato C, X da V, duk ɗaya ne.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou, ina rubutu da Hausa. Yaya zan samu ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba sai na yi ta kwafo su daga intanet ba?

Amsa: Ɗan'uwa, kowane harafi yana da lambarsa. A cikin Word, buga 0199 ka danna Alt da X, zai rikiɗe ya zama ƙ. Na ɗ 0257, na ɓ 0253, na ƴ 01B4. Manyansu kuwa 0198, 018A, 0181 da 01B3. In Alt da X bai yi ba, gwada Alt da C, wasu nau'o'in Word shi suka sani. Ka tuna a AZERTY lambobin layin sama sai an riƙe Maj suke fitowa.

Akwai tarko ɗaya. Idan harafin da ya zo kafin lambar yana tsakanin a da f, kamar a kalmar baƙo, Word za ta haɗa su ta ɗauka duk lamba ɗaya ce, sai wani abu daban ya fito ko ta ƙi. Maganinsa ka sa U+ kafin lambar.

Mu dai a ganinmu wannan hanya ta mai neman harafi ɗaya ko biyu ce. Mai rubuta kundi ya shiga Insertion, sai Symbole, ya nemo ƙ, ya danna Touche de raccourci ya ba shi maɓallansa, misali Alt da K. Haka zai yi wa sauran ukun. Aikin minti biyar ne, sau ɗaya, sai dai a Word ɗin wannan kwamfutar kaɗai zai yi aiki.

Tambaya: A ofishinmu kwamfuta kan daskare, linzami ya ƙi motsi, sai mu zare waya. Akwai wata dabara?

Amsa: Alhaji, zare waya shi ne na ƙarshe, yana iya lalata fayil ɗin da ke buɗe. A fara da Alt da F4 don rufe manhajar da ta maƙale. In ta ƙi, Ctrl da Maj da Échap (wato Esc) a tare za su buɗe jerin duk abin da ke gudana. A zaɓi mai laifin da maɓallan kibiya, a dakatar da ita. A kwamfutar hannu, in F4 ya taɓa sauti ko hasken allo, sai an haɗa da Fn. Kuma a kiyayi Maj da Suppr (wato Delete) yayin share fayil: ba ya biyawa ta kwandon shara, Ctrl da Z ma ba ya dawo da shi.