Amsa ga Yaya kan tafiyar Bali

Salamu alaikum jama'ar zaure. Yaya na ji saƙonka, kace kai da Hajiya zaku biya Bali, tsibirin nan na Indonesiya, in kun gama abin da ya kai ku Jakarta, kana tambaya wai ban da bakin teku akwai abin gani kuwa, kuma ya zancen abinci da sallah tunda ance garin 'yan Hindu ne. To wallahi akwai, ni dai kar ka zaunar da Hajiya a Kuta ta bakin teku, cunkoso ne da babura, ku hau sama wajen Ubud.

Abin da nake so ka gani da idonka gonakin shinkafarsu ne. Kowa Tegallalang yake rugawa saboda tana kusa da Ubud, tana da kyau amma 'yan hoto sun cika ta. Ka ɗauki shatar mota ku tafi Jatiluwih a Tabanan, ku isa da sassafe. Tudu ne aka yanka hawa-hawa, ruwa na gangarowa daga fadamar wannan ya faɗa ta na ƙasa da shi ta 'yan ƙananan magudanai, ka tsuguna ka duba zaka ga itace da aka saka a bakin magudana aka raba ruwan biyu, kowa da kasonsa. Subak suke kiran tsarin, manoman ne da kansu suke zama su tsaida ranar shuka da ranar sakin ruwa, a haikalin ruwa ake taron, ya haura shekara dubu ana yi, UNESCO ma ta sa shi a kayan tarihin duniya a 2012. Kai da ka san yadda ake kai ruwa rana kan ruwa a noman rani, wallahi sai ka tsaya kayi shiru.

Haikalai kuwa wuraren ibadarsu ne, mu kallo ya kai mu, a ƙofa zasu baka zani ka ɗaura, cikin ciki kuma ba a barin baƙi. Tanah Lot kan dutse yake cikin teku, sai ruwa ya janye ake takawa gindinsa. In lokaci ya ƙure ka zaɓi Uluwatu, yana can ƙololuwar dutse wajen mita 70 sama da teku, kuma nan ake rawar kecak dab da faɗuwar rana. Babu ganga babu kalangu, maza ne rututu zaune a da'ira ba riga, suna cak-cak-cak da baki hannuwa sama, labarin Ramayana, wani tsohon labarin 'yan Hindu, suke yi, can ƙarshe a kunna wa mai shigar biri wuta ya dinga shurinta. Birai na gaske ma suna nan, Hajiya ta ɓoye tabarau da waya, fizgewa suke.

Abinci, duk inda ka ga an rubuta babi alade ne, wuce. Nemi gidajen abincin Padang, wato girkin Musulman Sumatra, ko mai tambarin halal. Masallatai akwai a Denpasar, babban birnin Bali, a Bedugul ma akwai babba yana kallon tafkin da haikalin Ulun Danu yake. Sannan ka duba kalanda kar ku faɗa ranar Nyepi, ranar shiru ta sabuwar shekararsu, yawanci a Maris take, ba fita ba kunna fitila, filin jirgi ma rufe shi ake awa 24. Turo min ranar tikitinku in duba maka.