Amsa ga mai shirin fara ɗaukar jakar 'yan golf a Zariya

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ka ce an samo maka aikin ɗaukar jaka a filin golf, kana tambayar abin da ya kamata ka sani kafin ranar farko.

Jakar tana da nauyi. Doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sandunan buga ƙwallo har 14, ramukan da ake buga ƙwallon ta faɗa ciki kuma 18 ne, sai ku yi awa huɗu kuna taka ƙasa. Ka karya kumallo sosai, ka sa takalmi mai daɗin tafiya, ban da silifa.

Amma ba nauyin ne aikin ba, ido ne. Da zarar maigida ya buga, kada ka kalle shi, ƙwallon za ka bi har inda ta faɗi, ka riƙe wata alama kusa da wurin, ko bishiya ko gidan tururuwa. Minti 3 kacal doka ta bayar na nemanta tun 2019, in lokacin ya wuce ba a gan ta ba a hukunta maigida, kai kuma ka sha harara. Da hunturu hazon Zariya yakan haɗiye farar ƙwallo tun tana sama, da damina kuma ciyawa ce ke ɓoye ta.

Sandunan ƙarfe suna da lambobi: ƙaramar lamba ta fi kai ƙwallo nesa. Ka haddace su, kada Alhaji ya ce bakwai ka miƙa tara.

In zai buga, ka tsaya cak, ka yi shiru, inuwarka ma kada ta faɗa kan hanyar ƙwallon. Wayarka a kashe. Ka riƙe tawul mai ɗan laima don goge sanda bayan kowane bugu. Shawara kuwa, sai an tambaye ka.

Kuɗin aiki ka ji daga bakin shugaban masu ɗaukar jaka tun kafin ku fita.