Shin ƙirƙirarriyar basira za ta raba babban injiniyan manhaja da aikinsa?

Malam, ka ce shekara 10 kana rubuta manhaja, yanzu ga na'ura tana fitar da kod cikin daƙiƙa, kana fargabar ko taka ta ƙare.

Aikin yana nan, salonsa ne ya sauya. Tun da GitHub Copilot, mai taya injiniya rubuta kod, ya fito a 2021, ChatGPT ya biyo baya a ƙarshen 2022, rubutun kod da nake yi ya ragu, bita ta ƙaru sosai. Na'urar ba ta san dalilin da ya sa kuka tsara rumbun bayananku haka ba, balle ainihin buƙatar mai aikin. Wannan yana wuyanka.

Ka kula, kod yana iya tashi lafiya alhali da ɓaraka a ciki. Na'urar takan ma ƙirƙiro sunan laburare, wato tarin shiryayyen kod da ake ara, alhali babu shi. Kada ka zuba mata sirrin kamfani.

Ni abin da ya fi damuna ƙananan injiniyoyi ne. In ba su sha wuyar gano kuskure da kansu ba, wa zai gaje mu? Ka riƙa zama kuna bita tare.

Batun tsaro da lasisi kuwa, tuntuɓi masanin tsaron intanet da lauyan kamfaninku.