Tambaya da Amsa: Yaya zan tsara burin shagon ɗinkina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon ɗinki a Zariya, teloli huɗu da yara uku masu koyo. A wani taron horar da masu sana'a an ce kowa ya rubuta burin kasuwancinsa a jimla ɗaya. Na rubuta "zama shago na ɗaya a Najeriya", amma ko ni ba ta shiga raina ba. Yaya zan gyara?
Wata mai karatu, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba ta shiga ranki ba ne saboda duk wani tela daga Sabon Gari zuwa Tudun Wada zai iya rubuta irinta, kuma ba ta gaya wa yaranki abin da za su yi gobe da safe ba.

Ki ɗauki takarda ki amsa abu huɗu: wa kike yi wa ɗinki, da me za a san ki, a ina, zuwa yaushe. Na biyun ne mai wuya, amsarsa kuma tana bakin masu kawo miki aiki. Ki tambayi goma cikin waɗanda suka daɗe tare da ke, me ya hana su sauya shago. In yawancinsu suka ce ba kya saɓa alkawari, to jarinki ke nan. Sai ki rubuta: "Nan da shekara uku, duk macen Zariya ta san ranar da muka yanke mata, ranar za ta karɓi kayanta." Kada ki sa adadin riba a ciki. Wurinsa littafin lissafi, domin miliyan ɗin da kike hange ba zai sa tela ya ƙara kula da wuyan riga ba.

Azumi ne ke gwada irin wannan buri, don haka ki yi lissafi tun a Sha'aban. In kowane tela yana gama kala biyu a rana, kala takwas ke nan, a kwana 25 kala 200. Ki cire 30 saboda ɗaukewar wuta da gyare-gyare. Da zarar littafi ya kai 170 a rufe karɓa, ko aminiyarki ce ta kawo atamfa. Nan da yawa ke faɗuwa, saboda kunya da kwaɗayin kuɗin Sallah, kuma ranar da yara suka ga kin karya doka da kanki, su ma sun daina ɗaukarta da muhimmanci.

Kafin ki manna jimlar a bango, ki karanta wa ma'aikata, ki sa ƙaramin cikinsu ya maimaita. In ya kasa, ta yi tsawo, a rage. Bayan kowace Babbar Sallah ki ƙirga alkawura nawa aka saɓa, ki binciki dalilin kowanne.