Sabuwar talabijin mai inci 55, amma hoto dusu-dusu: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi sabuwar talabijin mai inci 55, an rubuta 4K a jikin kwalinta. A shago hotonta tar, amma da na kawo gida na jona ta da tsohuwar risibar dish ɗina sai hoton ya koma dusu-dusu, fuskokin mutane duk a baje. Sautin ma ba armashi. Wani ya ce in sayi wayar HDMI mai tsada, wani ya ce sai na haɗa da hom tiyata. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da wuya a ce laifin talabijin ne. Abin da aka ba ta shi take nunawa, kuma ina kyautata zaton abin da risibarka ke ba ta ya yi mata kaɗan.

Ga lissafin. Allon 4K yana da ɗigon haske 3840 a kwance da 2160 a tsaye, wato sama da miliyan takwas. Idan da wayar nan mai kawuna uku ka jona, rawaya da fara da ja, to hoton da ke bi ta cikinta bai wuce 720 sau 576 ba, ɗigo dubu ɗari huɗu da 'yan kai. Dole talabijin ta ja kowane ɗigo ɗaya ta rufe gurbin ashirin da shi. Kamar ka kai hoton fasfo a buga maka shi girman fosta ne. A tsohuwar talabijin mai ƙeya, mai inci 21, ba ka ganin wannan aibin saboda allon ƙarami ne. A shago kuwa bidiyon gwaji na ainihin 4K suke kunnawa, galibi daga filash, sun kuma ƙure haske da kala don ya ja ido.

Saboda haka juya bayan risibar ka duba. Idan akwai ramin HDMI, cire wayar nan mai kala uku ka jona ta nan. Waya ɗaya ce ke ɗaukar hoto da sauti. Amma jonawar kaɗai ba ta wadatar, kuma a nan mutane da yawa ke tsayawa. Shiga saitin risibar kanta, ka nemi wurin girman hoto ka mayar da shi 1080i ko 1080p, don wasu a 576 suke zaune ko da an sa musu HDMI. A wurin ne kuma za ka ga siffar allo: mayar da ita 16:9. Fuskokin da ka ga sun baje, hoto ne na tsohon tsari mai 4:3 aka ja shi ya cika allo mai faɗi.

In babu ramin HDMI, risibar ta gama aikinta. Nemi wadda aka rubuta DVB-S2 a jikinta, kuma mai karanta H.265, don tashoshin HD na tauraron ɗan'adam da DVB-S2 ake watsa mafi yawansu, tsohuwar risiba ko kama su ba ta yi. Sai dai kada ka sa rai kowace tasha za ta gyaru. Da yawa daga tashoshin Nilesat da Arabsat har yanzu da ƙaramin hoto suke watsawa, haka ma a DStv ba kowace tasha ce HD ba ko da dikodarka ta HD ce. Gwada tasha mai tambarin HD da wadda ba ta da shi a jere, za ka ga iyakar abin da kuɗi zai iya gyarawa.

Maganar waya mai tsada kuwa, ajiye kuɗinka. HDMI lambobi take aikawa, ko su isa cif ko su kasa. Idan ta lalace hoto yankewa yake ko ya riƙa ƙyalli-ƙyalli, ba dushewa ba. Waya mai kyau ta mita biyu, hotonta ɗaya ne da wadda ta ninka ta kuɗi. Inda za ka kula shi ne in tsawon zai kai mita goma, ko kuma za ka jona na'urar da ke fitar da 4K na gaske, kamar PlayStation 5. A nan nemi wadda ke ɗaukar aƙalla gigabit 18 a daƙiƙa. Wayar da aka fi yi wa sakaci ita ce wadda ta sauko daga dish. Sa waya samfurin RG6 mai kyau, a naɗe kanta na waje da kyau don kada ruwan damina ya shiga, in ba haka ba hoto ya riƙa tsayawa yana farfashewa.

Ainihin 4K ta intanet za ka same shi, a YouTube ko Netflix, kuma yana cin data. Netflix da kansu sun ce 1080p na buƙatar gudun megabit 5 a daƙiƙa, 4K kuma 15, sannan awa guda na iya lashe har gigabait 3 a HD, 7 a 4K. A ganina, mai sayen data da kuɗinsa ya tsaya a 1080p. Daga nisan mita uku, a allo mai inci 55, ido bai cika rarrabe su ba. Mita biyu zuwa biyu da rabi shi ne zaman da ya fi dacewa da wannan girman.

Wurin kafawa ma a kula. Masu kafawa na son ɗaga talabijin can kusa da silin, sai mai kallo ya kwana da ciwon wuya. Tsakiyar allo ya zo daidai idon wanda ke zaune a kujera, kusan mita ɗaya da 'yan kai daga ƙasa. In iyalinka sun fi zama a kan kafet, sauke ta ma kaɗan. Kada ta fuskanci taga. Sannan fitar da ita daga yanayin shago, ka bar Vivid ka zaɓi Movie ko Cinema. Ranar farko za ka ga kamar hoton ya yi sanyi, amma shi ne ya fi kusa da kalar fatar mutum ta gaskiya, kuma bai gajiyar da ido da daddare.

Sauti: talabijin ta zamani siririya ce, sifikunta ƙanana ne kuma ƙasa ko baya suke kallo, shi ya sa ba nauyi. Hom tiyata mai 5.1, wato sifiku biyar da babbar mai gurnani guda, tana da daɗi in an jera ta daidai: uku a gaba, biyu a gefen masu kallo ta baya kaɗan. Abin da na fi gani a gidaje shi ne duk an tara su a kan kanta ɗaya ƙarƙashin talabijin, an yi asarar kuɗin na bayan. Idan ba za ka iya jan waya zagaye da falo ba, musamman gidan da ke da ƙananan yara, sayi doguwar sifika guda da ake ajiyewa ƙarƙashin allo, tare da mai gurnaninta. Jona ta a ramin HDMI da aka rubuta ARC ko eARC, ba kowane rami ba, domin shi kaɗai ke mayar da sauti daga talabijin zuwa sifika. Kunna CEC don rimot ɗaya ya sarrafa su. Samsung na kiransa Anynet+, LG SimpLink, Sony kuma Bravia Sync. In shiru ka ji, mayar da sautin fita zuwa PCM. Falo mai tayil da bango tsirara kuwa amsa-kuwwa yake yi, kafet da labule masu kauri za su gyara magana fiye da ƙara murya.

Kafin sifika ma, ni da wuta zan fara. Waɗannan na'urori wuta mai ƙarfin volt 230 suke so, wutarmu kuwa hawa da sauka take. Sa stabilaiza, ko aƙalla na'urar nan mai yanke wuta in ta yi yawa ko ta yi kaɗan, mai jinkirta 'yan mintuna kafin ta saki. Kashe su a bango kafin a tayar da janareta, sai ya daidaita a kunna. Mai inbata ya tabbatar tasa mai fitar da wuta lafiyayya ce irin ta Nepa, don ƙaramar mai araha kan sa sifika ƙugi. Ƙyallen ado da ake lulluɓe dikoda da shi saboda ƙurar hunturu a cire shi in tana aiki, zafi ke kashe ta. Da damina kuma, in hadari ya taso da tsawa, cire filogi kaɗai bai isa ba: zare wayar dish daga bayan risiba, domin ta nan wutar aradu ke shigowa ta bi HDMI ta ƙona ramukan talabijin, gyaran kuwa sau da yawa sai an canza babban faranti na kayan lantarkin cikinta gaba ɗaya.